Ranar da Na Kira Sunansa a Kali

Shekara talatin da huɗu muna tare ban taɓa furta sunan maigidana ba. Malam nake ce masa. Ko a wurin likitanmu na unguwar Barking a Landan, in aka tambaye ni sunansa, katinsa nake miƙa wa matar da ke karɓar marasa lafiya ta karanta da kanta. Haka na tashi na ga mahaifiyata tana yi a Kano, kuma abin bai taɓa yi mini nauyi ba.

Bayan ya yi ritaya daga aikin rediyo ne mantuwa ta fara kama shi. Yau makulli a firij, gobe ya hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya zarce tasharmu. Likita ya ce in akwai tafiyar da muke so, mu yi ta yanzu. Autarmu kuwa tana koyarwa a Kali, wani birni mai zafi a Kolombiya, ta dage sai mun je. Na yi istihara, ta yi mana booking ɗin jirgi, muka tafi.

Garin ba ya shiru. Kiɗan da suke kira salsa yana fita daga shagon aski, daga motar haya, daga tagogin gidaje. Ko mai sayar da mangwaro ƙafafunta ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ni dai ina ta istigfari a zuci, hannuna a kan hannun rigar Malam. Shi kuwa murmushi yake, wai kalangun mahautan unguwarsu ya tuna.

Rana ta uku, bayan la'asar, Auta ta kai mu wani fili a bakin kogi inda ake rawa. Mayafina ya sarƙe da jakar wata mata, na saki Malam don in kwance shi. Ina ɗagowa, babu shi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wayarsa tana jakata. Takardar da na rubuta masa adireshi tana aljihun rigar da ya cire da safe. Gefe ɗaya kogi, ɗaya gefen babban titi. Na shiga kutsawa cikin masu rawa ina "Malam! Malam!", kiɗan yana haɗiye muryata. Wani dattijo ya miƙo mini hannu, a zatonsa rawa na shigo. Na kauce, hawaye na zuba.

Auta ta haye kan benci. "Mama, ga hularsa can! Titi zai shiga!" Ta ƙwala "Baba! Daddy!" har muryarta ta dushe. Bai waiwayo ba. Mutanen da ke tsakaninmu ba za su ketu ba kafin ya kai kwalta.

Ta diro ta kama kafaɗata, da karyayyiyar Hausarta. "Ki kira sunansa. Ya daina amsa Malam tun last month, ke ma kin sani."

"Ke ki kira."

"Muryarki kaɗai ya sani in ba ya ganin mutum!"

"Ke, ubanki ne fa."

"Mijinki ne fa, Mama! Kunyar wa kike ji a nan? Wa ya san mu?"

Gaskiyarta. A gida ma sai na taɓa shi yake juyowa, ƙin yarda kawai na yi. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Na hango ƙafarsa ɗaya ta sauka kan kwalta, babura suna ta sharara gudu. Na ce Allah ka yafe mini, na kira shi da sunan gida, wanda na taɓa jin yayarsa tana kiransa da shi, da iya ƙarfin da ke ƙirjina.

Ya tsaya cak. Ya ja ƙafar ya juyo yana dube-dube.

Da na isa na riƙe shi, sai ya dube ni ya ce, "Inna, kin kira ni?" Inna, mahaifiyarsa, ta rasu tun kafin a ɗaura mana aure. Na ce, "E, na kira ka. Zo mu tafi gida."

Tun da muka dawo Landan da sunan nake tashinsa shan magani, ƙasa-ƙasa in akwai baƙi a falo. Yawanci "Na'am, Inna" yake cewa. Wata rana kuma sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ke, yaushe kika fara wannan?" Irin ranar da ya gane matarsa ce ke kiransa, ita nake roƙon Allah ya ƙara mini.