Sarauniyar da Ba Ta Samu Layi Ba

Maigidana ya shekara talatin da huɗu yana jera haruffa a wata 'yar maɗaba'a da ke bayan tashar mota. Ɗaki ɗaya ne, inji biyu, da tagar da ba ta buɗuwa. Suna buga katin gayyata da kalanda, amma abin da ya riƙe wurin shi ne jadawalin sarakunan da, wanda makarantu ke saye suna liƙawa a bangon aji: sunan kowane sarki, shekarun mulkinsa, da wanda ya gaje shi.

Shi ya jera na farko, yana sabon shiga. Wani malamin tarihi ya kawo suna ashirin da shida a rubuce, takardar kuwa layi ashirin da biyar take ɗauka. Mai wurin ya ce ba zai sayi babbar takarda ba, a san yadda za a yi. Mutumina ya duba, ya ga ta goma sha ɗaya mace ce, wata bakwai kacal ta yi tsakanin rasuwar ubanta da hawan ƙaninta. Ya cire ta, ya ƙara wa ƙanin watannin. Malamin ya zo, ya yaba kyan aikin, ya kwashe ya tafi.

Sai da muka haifi 'yarmu ta fari ya faɗa mini, kamar wanda ya kashe rai. Na ce ban taɓa jin wanda ya yi juyin mulki da ɗan hantsakin ɗaukar haruffa ba sai shi. Bai yi dariya ba. Mutumin nan ba ya ƙarya ko a farashin albasa, ga shi ya yi wa ajujuwa ɗari ƙarya lokaci guda. In yara suka wuce ƙofar gida suna rera sunayen, da sun kai na goma sai tari ya kama shi. Ranar da 'yarmu ta ci kyauta a kan haddar jadawalin, ya tafa mata, ya dawo gida ya kwanta da ciwon kai.

Bara ɗan mai wurin ya ce zai sayar da tsofaffin injinan, maigidana ya huta ƙarshen wata. Bugu ɗaya ya rage. Ya ɗauko takardar malamin, wadda ashe tana ƙasan akwatinsa duk shekarun nan, ya matse layuka, ya nemo ƙananan haruffa, ya mayar da baiwar Allah kan gadonta. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Ba a yi mako ba makarantu suka fara dawo da kaya. Kuskure ne, in ji su, sarakuna ashirin da biyar ne, haka yake a littafi. Littafin kuwa daga tsohon jadawalin maigidana aka kwafa, malamin kuma ya daɗe da rasuwa. Ɗan mai wurin ya ba su haƙuri, ya sake buga tsohon a kwamfuta.

Ran Asabar da hantsi 'yarmu ta zo. Yanzu malama ce, tarihi take koyarwa. Da ya ji sallamarta ya sa tsohuwar takardar malamin a aljihu, ya ce mini yau zai nuna mata. Ta durƙusa ta gaishe shi, idonta ja.

Ta ce, "Baba, kada ka sa abin nan a ranka, gajiya ce. Na tsaya gaban malamanmu na ce shekara talatin ubana bai taɓa yin kuskuren layi ɗaya ba, kuma ko ɗalibansu shaida ne."

Na ga hannunsa ya shiga aljihu. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don na san shi. Ya kalle ta, hannun ya fito babu komai.

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Idon ne ya fara tafiya."

Ta ce ranar Litinin za ta kai shi a gwada masa tabarau. Ya ce to.