Takardar Da Na Ce Talla Ce

Ni maginiya ce, 'yar maginiya, daga wani gari kusa da Damagaram. Ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Shekara tara na yi a Paris ina sharar shaguna a Aubervilliers, kuma ba wanda ya gane ban iya karatu ba. Tashoshin metro ƙirga su nake yi. In aka miƙo mini takarda sai in ce na manta tabarau. Na sha wuya iri-iri ban yi kuka ba, amma wannan abu ɗaya na ɓoye shi kamar sata.

Daga baya na koma Lyon, gidan wata Hajiya, dattijuwa 'yar ƙasarmu, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu. Ina kula da ita, ita kuma tana kirana ɗiyata. Ran da ta ga hannuna ta tambaye ni sana'ar gidanmu, na faɗa mata. Ta ba ni garejinta, muka samo murhun gasa tukwane na lantarki, na hannu. Na koma taɓa yumɓu. Kaskon turare nake ginawa, matan unguwar Goutte d'Or ta Paris suna aikowa a kai musu. A saman garejin akwai ɗakin littattafan marigayi, inda Hajiya take zama kowace hantsi.

Hajiya mai tsari ce. Ta kira kamfanin inshorar gidan ta ce an sa murhu, suka ce za su aiko takarda. Takardar ta zo kwana biyu bayan an yi mata aikin ido. Ta miƙo mini ta ce in karanta mata. Na riƙe, na yi ta kallon baƙaƙen. Sai na ce mata talla ce kawai. Na tura ta ƙarƙashin buhun yumɓu.

Wata biyar bayan haka, da azahar, ina gashi, tsohuwar wayar lantarkin bango ta kama da wuta. Na goyo Hajiya na fito da ita. 'Yan kwana-kwana sun ceci gidan, amma gareji da ɗakin sama sun tafi, har littattafan. Mutumin inshora ya zo ya ce takardar nan cewa ta yi a kira mai gyaran lantarki ya duba waya, a cike takardar a mayar kafin a kunna murhu. Ba a mayar ba, don haka ba za su gyara ba.

Na haɗa kayana, na durƙusa gabanta na faɗi gaskiya. Sannan ta ce littattafan sun yi mata ciwo, ba za ta ɓoye ba, amma abin da ya fi mata ciwo shi ne ta koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin, ga ɗiyarta cikin gidanta ba ta lura ba. Ta ce in ajiye jaka in ɗauko fensir.

'Yan uwa masu sana'ar wuta a gida, ku gaya wa inshora komai, ku bi abin da suka ce kafin ku kunna. Wanda bai iya karatu ba ya faɗi. Kunyar minti ɗaya na guje wa, ta cinye wa baiwar Allah ɗakin mijinta. Wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, cikin sati uku. Hajiya ce ta duba mini.