Yadda Ƙaramin Kaset Ya Sa Na Yi Shara a Bebeji

Abin ya faro ne shekara biyu bayan soja sun canja launin kuɗi, damina guda kafin tsohuwar kukar bakin kasuwarmu ta faɗi ta danne rumfar mai tsire. A lokacin autata tana laulayin cikin fari, ni kuwa haƙorana duk suna nan, rake ma ba sai an fere mini ba. Muna zaune a Tiga, ni da Malam, yana noman rani a bakin ruwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ɗanmu na fari, wanda ke aiki a ma'aikatar ruwa, kuma gidansa da lantarki har a makewayi.

A shekarar nan bidiyo ya shigo mana, kuma iri biyu ya zo. Akwai mai cin babban kaset, akwai mai cin ƙarami, kuma kaset ɗin wannan ba ya shiga cikin wancan. 'Yan kasuwar Kano suka rabu gida biyu, kowa yana kushe kayan ɗan'uwansa. Mai babba ya rage farashi. Mai ƙarami ya rage, ya ƙara da lema kyauta. Mai babba ya ji haushi, ya ƙara da agogon bango da mayafin rufe akwatin, mai geza.

Ɗana ya je Kano ya dawo da mai babban kaset, da agogonsa da mayafinsa. Ya durƙusa yana yi wa ubansa bayani.

"Baba, ai faɗan 'yan kasuwa ribar mai saye ce. Da iri ɗaya ne, da sun yanka mu yadda suka ga dama."

Malam ya ce, "To," ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa.

Ni dai na yarda da maganar, don na daɗe ina sayar da daddawa. Na san duk ranar da maƙwabciya ta fito da nata faranti, ranar dunƙulena yake ƙara girma. Abin da ban tuna ba a lokacin shi ne daddawar kowa tana shiga miyar kowa.

Ina da taubashiya a Bebeji, 'yar goggona. Ni 'yar namiji ce, ita 'yar mace, saboda haka a al'ada baiwata ce, ko da yake har gobe ba ta yarda ba. Tun muna tallan gyaɗa ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba. Ɗanta direban bas ne a hanyar Kano, shi kuma sai ya sayo mata mai ƙaramin kaset, da janareto, aka ba shi lema. Muka haɗu a wani biki a Ƙiru, ta shigo tana riƙe da lemar nan a buɗe, alhali ko hadari babu.

Na ce, "Baiwata, na ji an sayo miki akwati daidai tsayinki."

Ta ce, "Uwar girman kai, ai naku kaset sai an yi gammo kafin a ɗauka. Namu hotonsa tas yake, har kwarkwatar kan ɗan kokawa za ki ƙirga."

"Me za ki yi da kwarkwatar wani, ga taki?"

Mata suka yi ta shewa har amarya ta leƙo.

Da autata ta haihu, a gidanmu ta yi wankan jego, nan aka yi suna. Wani injiniya abokin aikin ɗana ya zo da kyamara a kafaɗa kamar mai ɗauke da ɗan akuya, ya yi ta bin mutane. Malam mutum ne da ba ya son hoto. Da aka kawo kaset ɗin a naɗe cikin takarda, shi aka miƙa wa don girmamawa, sai ya kulle shi a akwatinsa. Ya ce ba za a zauna a gaban matan unguwa a nuna shi yana tauna ba. Ba wanda ya ko ga kalar kaset ɗin, muka manta da shi.

Ana nan, kasuwa ta juya wa ƙaramin kaset baya. Masu ba da haya a Bebeji da Tudun Wada duk babba suke kawowa. Mu kullum da sabon kallo, matan ma'aikata suna cika falon ɗana har bakin ƙofa. Taubashiyata kuwa ta tsaya da kaset uku rak: na kokawa ɗaya, na Indiya ɗaya, da wani na Turawa suna koyar da kiwon kaji. Ta kalle su har ta haddace. An ce tun jarumin bai buɗe baki ba take faɗa masa abin da zai ce.

Ni kuma bakina bai bar ni ba. A wani suna a Dangora ta ce in zo wata rana in ga hoto na gaskiya, sai na miƙe tsaye a tsakiyar mata.

"Ranar da kika gan ni zaune gaban akwatin nan naki, ranar zan share miki gida tun daga zaure har makewayi, in kira ki uwargijiya."

Ta ce, "Mata, kun dai ji ko?"

Suka ce sun ji.

Bayan shekara huɗu Malam ya kwanta, kwana tara ya cika. Allah ya jiƙansa. Hoto ko ɗaya bai bari ba. Ina cikin takaba na lura da wani abu da ya tsorata ni. In na rufe ido ina ganin hularsa, ina ganin gemunsa, amma tsakaninsu ba komai. Mutumin da na yi shekara arba'in ina kai wa tuwo, fuskarsa tana zame mini kamar sabulu a ruwa. Muryarsa ma haka.

Da aka buɗe akwatinsa, sai ga carbi, da huluna biyu, da abin nan a naɗe cikin takarda. Murna ta kama ni. Ɗana ya warware takardar. Ƙaramin kaset ne.

Ɗan fari ne, ba na yi masa magana kai-tsaye, sai na juya na fuskanci bango.

Na ce, "Ya kamata a sa wannan abin mu gani."

Shi ma ya sunkuyar da kai ya ba bangon amsa. "Ai ba zai shiga namu ba. Ya yi masa kaɗan."

"Da can an ce faɗan 'yan kasuwa riba ce."

"An ce haka."

"To a sa agogon bangon ya nuna mana shi mana."

Bango bai ce komai ba.

Washegari da ya tafi aiki na shiga wurin matarsa. Ni a sanina, in tukunya ta yi wa murhu kaɗan, dutse ake ƙarawa. In takalmi ya yi wa yaro yawa, tsumma ake cusawa. Na yage gefen tsohon zanena, na naɗe kaset ɗin ta dama da hagu har ya kai girman babba. Surukata ta yi makaranta, ta san abin da zai faru, amma yaya za ta ce wa uwar miji a'a? Ta durƙusa tana kallon ƙasa, ta ce, "Inna, ko a jira shi?" Na ce jiran me, ni na haife shi. Na tura.

Akwatin ya haɗiye, ya yi gurnani irin na akuyar da ta ci leda, ya tofo kaset ɗin, ya riƙe zanen. Sai da aka kira mai gyaran rediyo, ya yi ta zaro atamfa da hantsaki kamar mai cire ƙaya. Ya ce shekararsa ashirin yana gyara, ya ciro kyankyasai, ya ciro ɓera, amma bai taɓa ciro zane ba. Na ce ya yi aikinsa, ba tarihi aka tambaye shi ba. Allah ya taimake ni kaset ɗin bai yi komai ba.

Daga nan ɗana ya shiga nema. Injiniyan an mai da shi wani gari da kayansa. A Tudun Wada aka ce wani mai shinkafa yana da irin akwatin, aka je, ya ce ya ba maƙera. A Doguwa aka samu ɗaya, amma an cire hanjinsa, kaza ce take ƙwai a ciki. A Kano aka ce za a iya juye kaset ɗin a kan babba, sai dai a zo da akwatin da zai karanta shi tukuna. Duk faɗin ƙasar nan, mai ƙaramin kaset da ke numfashi guda ɗaya ya rage, kuma na san ɗakin da yake.

Na yi wata biyu ina dauriya. Na ce wa kaina ai gemu da hula ma sun isa. Ran nan ina tuƙa tuwo na so in tuna yadda Malam yake kirana in zai fita gona, na rasa. Na ajiye muciya. Da safe na ɗaure kaset a bakin zane, na ɗauki tsintsiyata, don ba zan yi shara da ta aro ba, na hau mota.

Na isa Bebeji da hantsi. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta dubi fuskata, ta dubi tsintsiya, ba ta ce mini ko sannu ba, sai ta leƙa ta katanga.

"Maƙwabta! Ku fito, baƙon wata ya tsaya da rana!"

Kafin in ajiye mayafi gida ya cika. Na ce, "Ina kwana."

"Ina kwana wa?"

Na ce a hankali, "Uwargijiya."

"Kunnen nan nawa na hagu ya tsufa."

Na faɗa da ƙarfi, har kaji suka watse. Na sunkuya na fara daga zaure. Tana bina a baya da lemar nan a buɗe, tana nuna mini lungu da ƙafa. "Baiwa, kin bar kashin awaki a can." Na share gindin turmi, na share bayan rumbu, na share har ƙofar makewayi. Kuma ina so a sani, tun da aka gina gidan nan bai taɓa ganin shara irin ta ranar ba.

Aka tayar da janareto. Ta cire kaset ɗin kaji, ta hure cikin akwatin, ta sa nawa. Ya shige sumul.

Da farko ƙafafu ne kawai da tabarmi. Sai liman yana addu'a. Sai wanzami. Na fara cewa a raina na yi sharar banza. Can sai hoton ya girgiza, aka ji ihu, sai ga ragon suna ya tsinke igiya ya yi cikin gida a guje. Wallahi na manta sarai an yi haka. A bayansa ga Malam, ya tattare babbar riga a kafaɗa, hula ta karkace, yana gudu irin wanda ban taɓa sanin ya iya ba. Ya kai wa ragon cafka, ya kama iska. Ya juyo, fuskarsa ta cika gilashin talabijin ɗin gaba ɗaya, da ɗan tabon da ke gefen hancinsa, da haƙorinsa guda da ya gutsure.

Ya ce, "Uwar yara! Tare ƙofa!"

Haka yake kirana. Uwar yara.

Sai hoton ya juya wajen ƙofar, ga uwar yara ta jefar da ludayi ta ɗare kan turmi tana salati, rago ya wuce ta gabanta ya fice. Matan Bebeji suka zube ƙasa don dariya. Ni ma ina dariya, amma gefen mayafina ya jiƙe. Na waiga na ga taubashiyata tana goge ido.

Ta ce, "Hayaƙin janareto ne."

Na ce, "Janareton da ke bayan gida?"

"Ke dai yi kallonki, baiwa."

Sau bakwai aka mai da shi baya a ranar. Da zan tafi na ce ta ba ni aron akwatin in kai Kano a juye. Ta ce ko kusa. Wai in ta ba ni, wa zai riƙa zuwa yana yi mata shara? Ta karɓe kaset ɗin ta sa a cikin kwallarta, ta ce duk ranar da na so ganin Malam na san hanya, kuma na san inda ake fara shara.

Haka na riƙa zuwa duk wata. Can wajen lokacin da soja suka koma bariki, faifan bidiyo ya fito ya kashe babba da ƙarami gaba ɗaya, namu akwatin ya koma wurin ajiye kwanuka. Daga baya na ji faifan ma ya rabu iri biyu, ana ta rage farashi. Ɗana ya zo ya ce wa bango yanzu za a iya kai Malam a sa shi a faifai, an shawo kan taubashiyata ta yarda. Na tambaya wane faifan, na wannan ko na wancan? Na ce su gama faɗansu tukuna, a bar mini mijina inda na san zan same shi.

Mai gyaran rediyo ya rasu. Matan da suka yi shaida a Dangora saura biyu, ɗaya ma ba ta gane mutane. Ɗana ya yi ritaya, surukata ta yi jikoki. Jaririn da aka yi wa suna yana da 'ya'ya huɗu. Taubashiyata tana nan a Bebeji, ido ɗaya ya tafi, bakin yana nan daram. Akwatin sai an ɗan mare shi a gefe yake tashi, amma yana tashi. Ni kuma bayana ya daina sunkuyawa, saboda haka a zaune nake yin sharar, ina jan kujera, ita tana nuna mini lungu da sanda.