Gawayi Ta Ƙi Hawa Kujera

Tun tana 'yar shekara goma sha bakwai aka laƙa mata Gawayi, sunan kuma ya bi ta gidan miji, ya bi ta har ta yi jikoki shida. A makarantar koyon zane ta samo shi. Ita ce ɗalibar da ba ta iya zana kofi ɗaya sai ta yi baƙi ƙirin tun daga yatsu har goshi, don da gawayi take zane, da gefen hannu take murza inuwa, sannan ta manta, ta share gumi da hannun. Malaminsu, Allah ya jiƙansa, yakan ce wanda yake son ganin aikinta ya fara duba fuskarta.

Ba ta yi suna ba, kada a yi mata ƙarya. Wata maɗaba'ar littattafan firamare ce ta ɗauke ta, ta zauna a ɗakin sama mai taga ɗaya, jikin injin yankan takarda, shekara talatin da huɗu cur. Ita ta zana zuciyar mutum an tsaga ta biyu, da kibiyoyi masu nuna sassanta, ita ta zana kwaɗo tun yana talibambam har ya yi ƙafafu, da hanji, da ƙwayar wake tana tsiro a cikin kwalba. Ko sau ɗaya ba a rubuta sunanta a ƙarƙashi ba, ita kuma ba ta taɓa nema ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne edita ya ce ta gyara abin da yake daidai. Akwai wanda ya ce ta sa wa kwaɗo murmushi don yara su ji daɗi. Ta ce masa ya je bakin kududdufi ya samo mata kwaɗon da ke murmushi, ita ma za ta yi masa. Da aikin nan ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta.

Rana ɗaya ce a shekara take cin ado da gaske: ranar taron tsofaffin ɗaliban makarantar. A tsohon ɗakin zanensu ake yi, mai dogayen tagogi da fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa tun suna yara. A karanta bayanin taron bara, a yi gardama a kan wa ya yi wa wa katsalandan, a yi wa waɗanda suka riga mu addu'a. Duk wannan share fage ne. Abin da ke kawo su shi ne a kira maigadin makarantar ya zauna a kan kujerar katako mara majingina da ke tsakiyar ɗakin, kowa ya ɗauki allo, a zana shi cikin minti ashirin, ba goge kuskure. Sai a shimfiɗa takardun a kan siminti, a zagaye su, a shiga abin da suke kira yanka. Wato a bi zanen kowa ɗaya bayan ɗaya a feɗe shi ba sani ba sabo. Farfesa ne kai ko mai fentin shaguna, in ka karya wa maigadi wuya za a faɗa maka a gaban kowa, a yi dariya har da hawaye.

Akwai wata al'adar kuma. In idon wani ya mutu, ko hannunsa ya daina, shekarar nan ba a kiran maigadi. Shi ake ɗorawa a kujerar. Kowa ya zana shi da kyau, ba yanka, a haɗa takardun a ɗaure da zare a ba shi. Daga ranar ba ya sake riƙe allo. A gaba yake zama, a ba shi shayi, in ya yi magana a ce haka ne. Gawayi ta zana mutum biyar a kan kujerar nan. Da bakinta ta sha cewa al'ada ce mai kyau. Sai daga baya ta lura ba wanda ya ƙara zuwa taro fiye da sau ɗaya bayan an zana shi.

Wata safiya tana wanke kofi ya suɓuce mata, ta sunkuya za ta ɗauka, ƙasa ta taso ta same ta. Hawan jini ne, ya shanye ɓarin dama. Bayan wata biyu ƙafa ta dawo da ɗingishi. Baki ma ya dawo tas, abin da ya fi damun maƙwabta ke nan. Hannun ne ya ƙi. Yana nan a kan cinyarta, yatsun a dunƙule, kamar baƙon da ya zo ya ƙi tafiya kuma ya ƙi taya aiki.

Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Kwana uku ta yi tana yi. A na huɗu ta sa autarta, wadda ke zaune da ita tana aiki a kantin magani, ta sauko mata da tsofaffin kalanda. A bayansu ta fara, da hagu. Da'ira ta fito kamar dankali. Buta ta fito kamar an taka ta da mota. Wata tara tana abu ɗaya kullum da hantsi, a kan teburin cin abinci, ta ɗora mataccen hannun a gefen takarda ya danne mata, ta ce aƙalla ya ci abincinsa da gumi.

Sai ga takardar gayyata. A ƙarƙashin sunanta an rubuta: baƙuwa ta musamman.

Ta juya takardar, ta ajiye. Autar ta ɗauka ta karanta, fuskarta ta washe.

"Umma, girmama ki za su yi."

"Binne ni za su yi da shayi da biskit."

"Haba Umma. To ki ce ba ki da lafiya mana, mu yi zamanmu."

"Wa ya ce miki ba ni da lafiya? Ɗauko mini allona. Ki feƙe mini gawayi guda huɗu, masu kauri."

Ranar taron, tun daga bakin ƙofa ta ga abin da take tsoro. Shugaban ƙungiyar ne ya fito tarbarta da kansa. Rula ake ce masa, tun ranar da Malam ya kama shi yana zana ƙafar tebur da rula a ɓoye. Ajinsu ɗaya da Gawayi, kuma shekara arba'in da wani abu ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Duk ɗakin ba mai kaifin harshensa a wajen yanka. Shi ne ya taɓa cewa zanenta kamar an share murhu da takarda. Yau kuwa ya rage murya, ya karkata kai, yana cewa, "Sannu, sannu da ƙoƙari. A hankali, akwai tudu." Wallahi da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Aka yi karatun bayani, aka yi addu'a. Gawayi tana kallon kujerar. An goge ta, har an ɗora mata matashi, abin da maigadi bai taɓa samu ba. Rula ya miƙe, ya gyara tabarau, ya fara jero alherinta: shekarunta a maɗaba'a, yaran da suka koyi kimiyya daga hannunta, haƙurinta. Da ya zo kan haƙuri wasu suka sunkuyar da kai don kada su yi dariya. Ya rufe da cewa ƙungiya tana roƙon 'yar'uwarmu ta taso ta hau kujera.

Ta taso. Ta ɗingisa har tsakiyar ɗakin, ta sa hagu ta ɗauke matashin, ta miƙa wa autarta.

"Sa mini a benci, bayana yana ciwo. A kira maigadi."

Rula ya matso kusa, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Gawayi, al'ada ce. Ke ma kin yi wa wasu."

"Na yi, Allah ya yafe mini. Al'adar ta ce wanda hannunsa ya daina. Hannu nawa Allah ya ba ni?"

"Ba wanda yake so ki ji kunya."

"Kunyar tawa ce ko taka? Rula, ka kira maigadi, ko in je in kira shi da ƙafata ɗaya da rabi."

Aka kira maigadi. Dattijo ne, ya riga ya saki jiki cewa bana ya huta, ya shigo yana goge baki. Ya hau kujerar, ya ɗora tafin hannu a gwiwa kamar yadda ya saba, ya kafa ido a kan fankar da ba ta juyawa. Rula ya duba agogo ya ce a fara.

Minti ashirin ba su taɓa yi mata gajarta haka ba. Ta ɗora allon a cinya, hannun dama ya danne takarda. Layin farko ya tafi inda ya ga dama. Gawayi na farko ya karye, na biyu ya faɗi ya gangara ƙarƙashin benci, autar ta yunƙura za ta ɗauko, ta harare ta. Tana jin idanu a kanta. Rabin ɗakin ba maigadi suke kallo ba. Gumi ya keto mata. Ta san kafaɗar ta lalace tun minti na biyar, kuma ba goge kuskure, don haka ta bar ta ta kama fuska. A nan hannun ya ɗan ji magana. Ta samu nauyin fatar idon dattijon, ta samu yadda leɓensa na ƙasa yake saki in barci ya fara ɗibarsa. Tana murza inuwar kumatu Rula ya ce lokaci ya yi.

Aka shimfiɗa takardu ashirin da bakwai a kan siminti, tata a ƙarshen layi. Yanka ya fara da sanyi, sannan ya yi zafi kamar kullum. Aka ce wani ya ba maigadi hannun jariri. Aka tambayi wata ko maigadin nata ya haɗiye kujerar ne. Rula ya ware, yana nuni da tsinin takalmi, yana cewa wannan ba gwiwa ba ce, kabewa ce. Gawayi ma ta sa baki, ta yi dariya har ta manta da kanta.

Sai aka iso kan nata, dariyar ta ɗauke.

"Masha Allah," in ji wata.

"Da hagu fa. Kai, abin mamaki."

"Gaskiya an yi ƙoƙari."

Wani har ya fara tafi. Nan ne ranta ya ɓaci da gaske, ɓacin da ya fi na ranar da ta faɗi. Ta ƙi hawa kujerar, ga shi sun ɗauko kujerar sun biyo ta da ita. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Ban zo a yi mini sannu ba. Asibiti sun yi mini ta ishe ni. Rula, bakinka ne ya shanye ko nawa?"

Rula ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Zanen ya yi, Gawayi."

"Maƙaryaci. Tun kana yaro kake ha'inci, da rula a cikin hannun riga. Yau ma ha'incin kake yi. Dubi takardar nan ka faɗi abin da ka gani, in har kana da sauran ido. In kuma ido ya tafi, ga kujera can, mu zana ka."

Wannan ta shige shi. Ya mayar da tabarau, ya tsuguna a gaban takardar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, tausayin ya bar fuskarsa.

"Kafaɗar nan," ya ce, "mota ce ta buge shi?"

Wani ya yi tari don ya danne dariya.

"Kunnen kuma me yake nema a wuya? Hannun hagu ya fi na dama tsawo da taku guda. Ƙafafun ba ki ma zana ba, kin bar bawan Allah yana shawagi. In aka ba ɗan aji ɗaya wannan, sai a ce ya sake." Ya ƙara matsawa. "Fuskar dai, duk ɗakin nan ba wanda ya same ta sai ke. Amma kafaɗar abin kunya ce."

Ɗakin ya fashe. Maigadi ya leƙo ya ga kansa, ya dafa kafaɗarsa ya ce shi dai lafiyarsa ƙalau. Autar tana gefe ta rufe baki da gyale, ba ta san ko dariya take ko kuka ba. Gawayi kuwa hawaye ne suke zubo mata, suna wanke baƙin da ke kumatunta, kuma ba ta share ba. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun kafin ciwon.

"Kunnen yana inda yake," ta ce. "Kai ne ba ka taɓa kallon maigadi ba. Kafaɗar na yarda."

"Kin yarda?"

"Na ce na yarda, kada ka ja. Matsa in ga naka."

Ta dogara sandarta, ta bi layin takardun tana ɗingishi har ta iso kan nasa, ta tsaya, ta karkata kai.

"To, jama'a," ta ce, "ku matso. Wannan zai ɗauke mu lokaci."