Ranar da Baba Karanta Ya Tayar da Faks a Gidanmu

Ranar Alhamis ce, an tashi da ruwa tun asuba, irin mai zuba a hankali, ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Ƙarfe takwas daidai, kamar kullum, Baba Karanta ya buɗe shagonsa, ya jingine lema a bayan ƙofa, ya ɗauko tsumma ya goge teburin da jiya ma sai da ya goge kafin ya tashi. Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai aski da mai sayar da kayan famfo. A ciki akwai tebur, kujeru biyu, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kabad na ƙarfe mai aljihu huɗu. Cikin kabad ɗin faya-fayan kwamfuta ne, kowanne a ambulan ɗinsa, kowane ambulan da rubutun hannunsa: na wace manhaja ne, na wace shekara, ina ya karce. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gyaran kwamfuta a wannan layin. Ƙarshen watan nan zai rufe, don hannunsa ya fara rawa, ƙananan kusoshi suna kuɓuce masa. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun yana nan da ƙarfinsa.

Karanta ba sunansa na yanka ba ne. Duk wanda ya kawo masa kwamfuta ya ce ta lalace, sai ya tambaye shi, "Me ta ce?" Mutum ya ce, "Wani rubutu ne ya fito, na rufe shi." Sai ya ce, "To, kunna ta ka karanta min." Tun ana jin haushi har sunan ya bi shi. Matar da ke da kemis a bakin titi ta gaya min shago uku ta kai tata kwamfutar, duka suka ce sai dai a wanke ta, wato a goge komai a zuba sabo, alhali bayanan magungunanta na shekara takwas suna ciki. Shi ya zauna kwana biyu a kanta, ya mayar mata da ita ko layi ɗaya bai ɓata ba. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai sau ɗaya, ranar da wani ya ɗora kofin shayi a kan faifai.

Abin da na gani da idona kuwa, a gidanmu ya faru.

Yayata tela ce. 'Yarta, wadda muke kira Ƙarama, da karkatacciyar ƙafa aka haife ta, tana takawa da gefen sawu. Akwai likitocin ƙashi da suke zuwa wani asibiti mai nisa sau ɗaya a shekara su yi wa yara aiki. Da safiyar wannan Alhamis aka bugo wa Yaya waya cewa an samu gurbi guda. Sharaɗin shi ne rahoton likita da takardun gwaji, shafi bakwai, su iso ta faks kafin ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da ake rufe jerin sunaye. Faks kuwa aika takarda ne ta layin tarho: ka tura hotonta nan, ta fito a injin can. Ofishin ba ya karɓa ta wata hanya. In huɗu ta wuce, gurbin ya koma ga yaro na gaba, Ƙarama ta jira baɗi.

Yaya ta shiga ruwa ta zaga. A gidan waya injinsu ya mutu tun bara. Shagon buga takardu sun sayar da nasu, amma sun ɗauki hoton shafukan suka zuba mata a filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta. Sai Mama ta tuna cewa marigayi Abbanmu yana aika faks daga tsohuwar kwamfutar da ke falo, kuma layin tarhon gida har yau yana aiki don ita ba ta yarda an yanke shi ba.

Aka ce in gwada, tunda ni ne kullum a kan kwamfutar. A aji huɗu na bar makaranta. Na taɓa gyaran babur, na taɓa sayar da waya, na taɓa walda, babu inda na yi wata shida. A gida Bazama ake ce min. Na zauna na nemo wurin da ake kunna faks, na danna. Ta fara, ta yi kamar za ta wuce, sai ga rubutu ya fito. Na rufe, na sake. Ya sake fitowa. Na kira wani abokina mai gyaran waya, ya leƙa ya ce, "Wannan ai ta tsufa, a wanke ta kawai, zuwa gobe ta tashi."

"Gobe?" in ji Yaya. Ta ja mayafinta ta fita.

Ƙarfe ɗaya da kwata ta dawo da Baba Karanta. Lemarsa a kanta take, shi kuma ya rungume jakar leda a ƙirji, kafaɗunsa sun jiƙe sharkaf. Ya gaida Mama, ya tambayi Ƙarama ya ƙafa, ya cire takalmi, ya tsaya a bayan kujerata.

"Zauna abinka, samari. Me ta ce?"

"Ta ƙi ne kawai, Baba."

"Ba ta ƙi ba, magana ta yi maka. Danna, ka karanta min."

Na danna, na karanta da ƙyar. Cewa ta yi ba ta ga wani fayil da take buƙata ba, a sa mata faifan da aka girka ta da shi, ko a nuna mata inda fayil ɗin yake.

"Ka ji ko? Ba ciwo take ba, kayan aiki take nema." Ya gyara tabarau. "Ni na haɗa wa mahaifinku ita. Duk kwamfutar da na haɗa, nakan kwafe kayan da aka girka ta da su in ajiye a cikinta, a folda guda, saboda rana irin ta yau. Buɗe nan. Sauka ƙasa. Sauka."

Babu foldar. Ni kuwa tun kafin mu kai ƙasa na san babu. Wata uku kafin ranar wuri ya cika min ina zuba fina-finai, na ga wata ƙatuwar folda mai suna marar kan gado, cike da ƙananan fayiloli ɗaruruwa, ko ɗaya ba ya buɗuwa. Na ɗauka shara ce.

"Baba, ni na goge ta."

Yaya ta dafe kai. "Bazama! Wallahi in yarinyar nan ta rasa..."

"Bari, 'yata," in ji shi. "Faɗan zai jira, ƙarfe huɗu ba za ta jira ba. Ya faɗi gaskiya, ya rage mana awa guda ta nema. Hajiya, akwai faifan da na ba maigidan a farar ambulan, na ce a adana."

Mama ta nuna taga da haɓa. A tsakar gida, saman tukwanen da ta shuka barkono, faifai ne rataye da zare yana juyawa cikin ruwa. Shekara biyu yana korar mata tsuntsaye.

"Yana aiki kuwa?" Baba Karanta ya tambaya.

"Sosai ma," in ji Mama.

"To, madalla. Bai zauna banza ba."

Ya buɗe jakar ledarsa ya fito da ambulan uku. Bai sa ko ɗaya ba sai da ya sa na buɗe inda kwamfutar ke faɗin irin manhajar da ke kanta, na karanta masa har lambar ƙarshe. Ya mayar da biyu jaka. Ya ce waɗancan sun girme ta, an sabunta ta bayan fitowarsu, in ka ba ta fayil ɗinsu za ta tofar, ko ta haɗiya ta shaƙe. Na ukun ne daidai da ita, kuma shi kaɗai ya rage masa irinsa. A bayan ambulan ɗin ya rubuta da jan biro: ya karce, a bi shi a hankali.

"Hannuna ba ya tsayawa," ya ce. "Kai za ka danna, ni in duba. Ba ka taɓa komai sai ka karanta."

Muka sa faifan. Ya yi gurnani, ya karanta, ya tsaya. Muka sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Ƙarfe biyu da minti goma. Baba Karanta ya ce a kawo masa man goge baki da tsohuwar riga mai laushi. Ya ɗiga man a kan karcen, ya riƙa shafawa daga tsakiya zuwa baki, ba ya zagayawa. Ya ɗauraye, ya tsane, ya ɗaga shi wajen taga ya duba. Ƙarama ta matso tana kallo.

"Baba, haƙora gare shi?"

"Talatin da biyu. Duk sun fi naki fari."

Wannan karon bai bar kwamfutar ta ja daga faifan kai tsaye ba. Ya sa na buɗe sabuwar folda, muka riƙa kwaso fayilolin kaɗan-kaɗan, ashirin-ashirin, in ɗaya ya maƙale mu tsallake shi mu dawo masa daga baya. Sau biyu na kai hannu zan kwashe duka gaba ɗaya, sau biyu ya dafa min kafaɗa ya tsayar da ni. Yaya tana tsaye da wayarta a hannu, ta duba agogo, ta duba mu. Wuri ya cika, ya ce a rage kaya. Na goge fina-finan da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Ƙarfe uku da minti biyar fayil ɗin da ake nema ya shigo, a gwaji na huɗu. Muka koma wurin kunna faks. Rubutun ya sake fitowa, na karanta shi da ƙarfi, ya nuna min inda zan rubuta mata hanyar sabuwar foldar. Ta karɓa. Ta wuce inda take tsayawa tun safe, ta kai ƙarshe.

Muka ɗora shafukan, muka sa lamba. Ta ce ba ta jin layi. Yaya ta ce, "Na shiga uku." Baba Karanta ya durƙusa da kansa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya leƙa bayan kwamfutar da fitilar waya. Ramuka biyu ne iri ɗaya a jere, wayar tarhon tana cikin wanda ba nata ba. Ya sauya. Sai muka ji ƙarar bugun lamba, sannan wata tsuwa da shuu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mama ta ce rabonta da jin wannan ƙarar tun Abba yana da rai.

Shafi bakwai suka tafi. Yaya za ta fara godiya, ya ɗaga hannu. "Buga musu tukuna. Tafiya daban, isa daban." Ta buga. Matar ofishin ta ce shida sun fito, na biyar baƙi ƙirin. Ya sa na rage duhun hoton, muka sake tura shi shi kaɗai. Ƙarfe huɗu saura minti ashirin da biyu matar ta ce ya fito, ta sa sunan Ƙarama.

Da na danna faifan ya fito, sai ga tsaga tun daga ramin tsakiya har kusan baki. Ya juya shi, ya duba, ya mayar da shi ambulan ɗinsa, ya ciro jan biro ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Sannan ya ce min, "Foldar nan, sa mata suna da Hausa. Rubuta: kar a goge." Ya sa takalminsa ya koma shago, don akwai mai zuwa karɓar firinta ƙarfe biyar.

Baba Karanta, kai ne ka shigo ruwa da lemarka a kan wani. Kai ne ka adana abin da kowa ya ce ya tsufa, shekara da shekaru, ba ka san ranar da za a nema ba, ba ka san wa zai nema ba. Kai ne ka ji laifina daga bakina ba ka ƙara min ko kalma ɗaya a kai ba, ka kuma ba ni linzamin kwamfutar ka ce in danna. Mai haƙurin zama, mai tambaya kafin taɓawa. An yi wa Ƙarama aiki wata biyu da suka wuce. An cire filasta, tana taka sawunta a shimfiɗe, tana bin bango tana faɗa da duk wanda ya ce zai riƙe ta. Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan hutu, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana masu gyara, na waya da na kwamfuta, da ku masu kawo gyaran: kafin ku ce a wanke, ku zauna ku ji abin da na'urar ta ce. Kafin ku goge abin da ba ku gane ba, ku tambayi wanda ya ajiye shi. In akwai dattijo irin wannan a layinku, ku je ku zauna kusa da shi tun shagon yana buɗe.

Abin da aka rasa a ranar ba shi da yawa, ga shi: wunin ɗinki guda na Yaya, awa uku na shagon Baba Karanta, fina-finai goma sha huɗu, rabin man goge baki, da faifai ɗaya wanda babu wani irinsa a kabad ɗin.