Haƙuri Ba Sana'a Ba Ne

Jiya na ji ƙarar keken ɗinki, sai na tuna da Hajiya mai koya wa mata ɗinki. A shekarun tamanin a garin Stains, can ƙasar Turawa, duk matar da miji ya daka, gidanta take gudu. Mu dattawa, masu manyan riguna da ƙananan zukata, muka tafi bikon wata. Ɗakin yana ƙanshin citta da man keke. Wata mai bincike daga jami'ar Lyon tana tambayar matan aikin da suke so su koya.

Na ce, "Hajiya, ta yi haƙuri ta koma."

Ko kallona ba ta yi ba. "Malam, haƙuri ba sana'a ba ne. Dubi idonta, ai ta yi saukar karatun haƙuri."

Matar ba ta koma ba, ta zama tela. Allah ya haskaka makwancin Hajiya, ya hana 'ya'yanmu gadon bakinmu.