Jan Waken Iya

Da yatsu shida aka haife ni a kowane hannu, abin da ake kira cindo. Uwata ban san ta ba. An sake ta ina jariri, ta koma gidansu a Dudunni, ta rasu jim kaɗan bayan ta yaye ni. Kakata Iya, uwar mahaifina, ita ta je ta ɗauko ni ta dawo da ni Sukuntuni. Baba yana ciyar da ni, yana ɗinka mini rigar salla, amma bai taɓa zama da ni a tabarma ɗaya ba.

Dalilin ba a ɓoye yake ba, har yara sun sani. Akwai wani ɗan koli mai cindo a Dudunni, wanda ya nemi auren uwata kafin Baba. Ranar da aka haife ni mata suka ƙirga yatsuna, suka shiga kallon juna. An ce Iya ce ta fara magana, ta ce, "Mu dai ba mu da wanga abu a gidanmu."

Duk da haka babu wanda ya so ni kamarta. Lokacin sanyi, in an gama cin tuwo, takan ƙara kara a murhu, mu jikoki mu kewaye ta, tana tsintar wake a faifai. Ni take fara nema.

"Matso nan, maigida. Miji sai ci, ba cefane."

Tana da tatsuniyoyin kura da zomo masu sa mu birgima don dariya. Amma akwai guda ɗaya da ba ta da waƙa, ba ta da abin dariya, kuma kowace shekara sai ta yi ta.

Wai wani manomi ne mai alfahari da farin wakensa, har yana cewa a zuriyarsu ba a taɓa ganin ja ba. Bai sani ba, duk kaka uwarsa ce ke zama a bayan rumbu tana tsince jajayen tana zubarwa kafin ya gani. Da ta tsufa idonta ya mutu, sai ga jan wake a cikin fari. Mutumin ya ce sabuwar gonarsa ce ta ci amanarsa. Ya daina noma ta, ya bar ta ƙaya ta cinye. Uwar tana ji, ba ta ce komai ba.

"Iya, to don me ba ta faɗa masa ba?"

"Ta ji kunya, maigida. Ran farko kunya ta hana ta, daga baya kuma tsoro. Magana in ta kwana shekara, nauyi take yi."

Daga nan sai ta ce hayaƙi ya dame ta, mu tashi mu kwanta. Haushin tatsuniyar nake ji, don ba a kama kowa ba, ba a hukunta kowa ba.

Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Bayan na yi aure aka haifa mini 'ya a asibiti a Kankia, ita ma da cindo. Malamar jinya ta ce kada in damu, gado ne. Ta ce kowane ɗa rabin halittarsa daga uba yake, rabi daga uwa, kuma wannan abin ko ɗayansu kaɗai ke da shi yana iya bi. Ta tambaye ni daga wajen wa na samu nawa. Na ce iyayena babu mai shi.

"Ka duba da kyau?" in ji ta. "Da yawa tun suna jarirai ake ɗaure musu shi da zare ya bushe ya faɗi. Sai dai ka ga ɗan tudu kamar ƙwayar dawa a gefen ƙaramin yatsa. Yatsan ne ya tafi, amma jinin yana nan."

Ranar suna na samu Baba a zaure, na ce ya ba ni hannunsa. Ga ɗan tudun nan a dama, ga shi nan a hagu. Ya ce tun tasowarsa yake ganinsu, Iya ta ce masa ƙurji ne ya warke. Na faɗa masa abin da malamar ta ce. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa, bai ɗago ba.

Ban san abin da ya sa Iya ta ɗaure nasa a ɓoye ba. Wataƙila amarya ce mai gudun gorin dangin miji. Abin da na sani shi ne kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke uwata, amma ta zaɓi ta riƙa yi mana tatsuniya. Ina kewarta har gobe, kuma ina jin haushinta, na kasa raba biyun.

Kwana uku bayan suna Baba ya ce in kai shi Dudunni. Muka zagaya maƙabarta da wani tsoho, amma damina talatin ta shafe komai, babu wanda ya iya nuna mana kabarin uwata. Baba ya tsaya a tsakiya, ya cire hularsa, ya kira sunanta, yana neman gafara yana juyawa kowane ɓangare, don bai san inda zai fuskanta ba.